Andarawus: Masuncin Galili da ya zama tambarin ƙasashe

A ranar 30 ga watan Nuwamba na kowace shekara ne miliyoyin mabiya addinin Kirista, musamman a nahiyar Turai, ke bikin tunawa da Andarawus, ɗaya daga cikin almajirai 12 na Annabi Isa Alaihissalam.

A ƙasar Romaniya ranar hutu ce ga ma'aikata, a yankin Sikotland na Birtaniya kuma ita ce ranar ƙasa. A birnin Patras na ƙasar Girka, inda aka ce a nan aka kashe shi, akan yi jerin gwano a kan tituna. A birnin Santambul kuwa, wata tawaga ce daga Fadar Vatican kan halarci addu'o'i a cocin shugaban ɗariƙar Otodoks.

Sai dai duk da wannan girma da ake ba shi, abin da littattafan Linjila suka faɗa a kansa kaɗan ne. Sau goma sha wani abu kacal aka ambaci sunansa a cikin Sabon Alkawari, alhali sunan ɗan'uwansa Bitrus ya fito fiye da sau 150.

Kusan dukkan martabarsa ta dogara ne a kan labari guda, wanda ke cewa shi ne ya fara bin Annabi Isa, kuma shi ne ya janyo Bitrus. Da wannan labari ne majami'u da ƙasashe da dama suka riƙa kafa hujja a duk lokacin da suke jayayyar fifiko da birnin Rum, ko da wata maƙwabciya da ta fi su ƙarfi.

Hawariyawa da manzanni

Kiristoci na kiran almajiran nan 12 da sunan manzanni. Kalmar fassara ce daga harshen Girkanci, kuma ma'anarta waɗanda aka aika su yi wa'azi. Ba ta ɗauke da ma'anar da Musulmi suka sani ta Manzon da Allah ya aiko da saƙo.

Alƙur'ani Mai Girma ya kira su Hawariyawa, ya kuma yi maganarsu a surorin Ali Imrana da Ma'ida da Saffi, amma bai ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Malaman tarihi ne suka kawo sunayen daga baya.

A littafin Sira na Ibn Ishaƙ, kamar yadda Ibn Hisham ya ruwaito, an lissafa ƙasashen da aka tura kowane ɗayansu. A nan an ce Andarawus da Matiyu sun nufi ƙasar da mutanenta ke cin naman mutane. Ɗabari, wanda ya rasu a shekara ta 923, shi ma ya kawo wannan jeri a littafinsa na tarihi.

Wannan bayani ya yi daidai da wani tsohon labari na Kiristoci, wanda ke cewa Andarawus ya shiga birnin masu cin mutane domin kuɓutar da wani abokinsa daga kurkuku, abin da ke nuna cewa labarin ya yaɗu a Gabas ta Tsakiya tun kafin a rubuta littattafan Sira.

Wane ne Andarawus?

Littafin Linjilar Yohanna ya ce Andarawus mutumin Betsaida ne, wani garin masunta a arewacin Tekun Galili. Wannan teku dai tafki ne na ruwan daɗi, wanda Larabawa ke kira Tabariyya, kuma tsawonsa ya kai kilomita 21, faɗinsa kuma kilomita 13.

Shi Bayahude ne, amma sunansa na Girkanci ne, kuma ya samo asali daga kalmar da ke nufin namiji ko jarumi. Masana na kallon hakan a matsayin alamar yadda harshen Girkanci ya ratsa yankin Galili a wancan zamani.

Shi da ɗan'uwansa Siman, wanda daga baya aka sani da Bitrus, sana'arsu kamun kifi ce, kuma Linjilar Markus ta nuna cewa gida ɗaya suke zaune a garin Kafarnahum.

A shekara ta 1986, lokacin da fari ya sa ruwan tafkin ya ja baya, an tono wani jirgin katako mai tsawon kimanin mita 8 daga cikin laka, wanda bincike ya nuna cewa na wancan zamani ne. Babu wata shaida da ta danganta shi da almajiran, amma ya nuna irin jirgin da masuntan lokacin ke aiki da shi.

Ruwayoyi biyu ne game da yadda ya zama almajiri. Matiyu da Markus sun ce Annabi Isa ya tarar da 'yan'uwan biyu suna jefa taru a ruwa, ya kira su, ya yi musu alkawarin cewa daga ranar mutane za su riƙa janyowa a maimakon kifi, su kuma suka bar kayan aikinsu suka bi shi.

Yohanna kuwa ya ce tun farko Andarawus almajirin Annabi Yahaya ne a bakin kogin Urdun. Da ya ji shaidar da malaminsa ya bayar game da Annabi Isa, sai ya bi shi, ya wuni tare da shi, sannan ya je ya nemo Siman ya kawo shi. Saboda wannan ruwaya ce Kiristocin Gabas ke yi masa laƙabi da Protokletos, wato wanda aka fara kira.

Sauran wuraren da ya fito a Linjilar Yohanna ma aikin kawo mutane yake yi. A labarin ciyar da mutane 5,000, shi ne ya nuna yaron da ke ɗauke da gurasar sha'ir 5 da kifi 2. Lokacin da wasu Girkawa suka nemi ganin Annabi Isa a Birnin Ƙudus, Filibus ya fara tuntuɓar Andarawus ne kafin su shigar da maganar tare.

Duk da haka ba ya cikin mutane ukun da Linjila ta nuna sun fi kusanci da Annabi Isa, wato Bitrus da Yakubu da Yohanna. Sau ɗaya aka nuna shi tare da su a keɓe, a kan Dutsen Zaitun. Ambatonsa na ƙarshe yana farkon littafin Ayyukan Manzanni, a cikin jerin sunaye kawai.

Ina ya tafi wa'azi?

Daga nan sai ruwayoyin da aka rubuta shekaru da dama bayan mutuwarsa. Eusebius, marubucin tarihin coci na ƙarni na 4, ya ruwaito daga Origen, wani malami ɗan Iskandariyya ta Masar, cewa yankin Sikitiya ne ya faɗo a rabon Andarawus. Sikitiya dai suna ne da Girkawa ke bai wa ƙasashen da ke arewacin tekun Bahar Aswad.

Wasu malaman na ƙarni na 4 sun ambaci yankunan Girka, kamar Epirus da Akaya. Ruwayoyin baya sun ƙara da garuruwan da ke gaɓar tekun Bahar Aswad ta kudu, a ƙasar Turkiyya ta yau, da kuma Jojiya.

Yawan waɗannan wurare da faɗinsu ya sa kusan duk wata al'umma da ke zagaye da wannan teku ta samu damar cewa ya taka ƙasarta.

Kisan da aka yi a Patras

Labarin mutuwarsa ya fito ne daga wani littafi mai suna Ayyukan Andarawus, wanda masana ke ganin an rubuta shi a wajejen ƙarshen ƙarni na 2. Ba ya cikin littattafan da coci ta amince da su, Eusebius ma ya sanya shi a sahun rubuce-rubucen 'yan bidi'a. Amma hakan bai hana labaran cikinsa yaɗuwa ba, musamman bayan da Gregory, bishop na birnin Tours da ke Faransa, ya taƙaita shi da Latinanci a ƙarni na 6.

A cewar littafin, Andarawus ya warkar da Maximilla, matar gwamnan Rumawa na yankin Akaya mai suna Aegeates. Matar ta karɓi sabon addinin, sannan ta ƙaurace wa shimfiɗar mijinta. Gwamnan ya fusata, ya sa aka yi wa Andarawus bulala, aka kai shi bakin teku domin a gicciye shi.

An ce gwamnan ya ba da umarnin a ɗaure shi da igiya kada a buga masa ƙusoshi, don azabar ta daɗe. Ya yi kwanaki a rataye yana wa'azi ga jama'ar da suka taru, har mutanen gari suka tayar wa gwamnan da hankali a kan ya sake shi. Da aka zo kwance shi, sai ya roƙi Ubangiji ya ɗauki ransa a wurin, kuma ya cika kafin a sauke shi.

Al'adar coci ta sanya wannan lamari a wajejen shekara ta 60, zamanin Sarki Nero. Babu wata takardar Rumawa ta lokacin da ta tabbatar da shi, don haka masana tarihi na ɗaukarsa a matsayin ruwayar addini.

Yawon da ƙasusuwa suka yi

A tsakanin mabiya ɗariƙun Katolika da Otodoks, ƙasusuwan waliyyai abin girmamawa ne, kuma garin da ya mallake su kan samu masu ziyara da kuɗin shiga da kuma daraja. Wannan ne ya sa ƙasusuwan da ake dangantawa da Andarawus suka yi ta sauya mazauni tare da sauyin masu mulki.

A wajejen shekara ta 357, Sarki Constantius na 2 ya sa aka kwashe su daga Patras zuwa sabon babban birnin daular, Kustantiniyya, wato Santambul ta yau, aka ajiye su a Cocin Manzanni, inda ake binne sarakuna.

A shekara ta 1204 mayaƙan Salibiyya daga yammacin Turai suka afka wa Kustantiniyya, suka wawashe dukiyar majami'unta, duk da cewa birnin Kiristoci ne. Shekaru 4 bayan haka, wani babban limami mai suna Peter na Capua ya kai ƙasusuwan garinsu Amalfi da ke kudancin Italiya, kuma har yanzu suna ƙarƙashin babban cocin garin.

Shi kuwa Cocin Manzanni, wanda ya riga ya lalace, an rushe shi bayan da Sultan Muhammad al-Fatih ya ci birnin a shekara ta 1453. A filinsa ne aka gina Masallacin Fatih tsakanin 1463 da 1470.

Ƙoƙon kan da ake cewa nasa ne ya bi wata hanya dabam. A shekara ta 1460, lokacin da sojojin Daular Usmaniyya ta Turkiyya suka mamaye kudancin Girka, Thomas Palaiologos, ƙanen sarkin Kustantiniyya na ƙarshe, ya gudu da shi daga Patras zuwa Italiya. Paparoma Pius na 2 ya karɓe shi da gagarumin biki a watan Afrilun 1462, yana fatan hakan zai zaburar da sarakunan Turai su yaƙi Turkawa, fatan da bai cika ba.

Ƙoƙon kan ya shafe shekaru 502 a birnin Rum. A watan Satumban 1964 Paparoma Paul na 6 ya mayar da shi Patras, a wani mataki na neman sulhu da ɗariƙar Otodoks. A shekara ta 1980 kuma aka mayar da guntayen itacen da ake cewa na gicciyensa ne daga birnin Marseille na Faransa. Duka suna ajiye a babban cocin Patras, wanda aka aza harsashinsa a 1908 aka buɗe shi a 1974.

Tsakanin Rum da Santambul

Paparoma na kafa hujjar shugabancinsa ne da cewa shi magajin Bitrus ne, wanda aka ce an kashe shi an kuma binne shi a birnin Rum. Kustantiniyya ba ta da irin wannan hujja da farko. Manyan tarukan coci na shekarun 381 da 451 sun ba bishop ɗinta matsayi na biyu ne saboda birnin shi ne mazaunin sarki.

Daga baya ne ruwaya ta yi ƙarfi cewa Andarawus ne ya kafa cocin birnin, tun yana ƙaramin gari mai suna Byzantium, ya kuma naɗa wani mai suna Stachys a matsayin bishop na farko. Masanin tarihi Francis Dvornik, a wani littafi da ya wallafa a 1958, ya nuna cewa wannan ruwaya ba ta kafu ba sai a wajejen ƙarni na 8 da na 9, lokacin da jayayya tsakanin biranen biyu ke ƙara zafi.

Amfanin ruwayar a fili yake. Idan Rum na taƙama da Bitrus, to Kustantiniyya na da wanda ya riga Bitrus zama almajiri. Ɓangarorin biyu sun raba gari a shekara ta 1054.

'Yan'uwantakar Bitrus da Andarawus ce kuma aka koma gare ta a lokacin sulhu. Paparoma Paul na 6 da shugaban Otodoks Athenagoras sun gana a Birnin Ƙudus a watan Janairun 1964, sannan a watan Disamban 1965 suka soke tsinuwar da magabatansu suka yi wa juna. Athenagoras ya bai wa Paparoman kyautar wani zane da ke nuna 'yan'uwan biyu sun rungumi juna.

Tun daga wancan lokaci ɓangarorin ke musayar tawagogi, ta Santambul ta je Rum ranar 29 ga Yuni domin bikin Bitrus, ta Rum kuma ta je Santambul ranar 30 ga Nuwamba. Paparoma John Paul na 2 ya halarta da kansa a 1979, Benedict na 16 a 2006, Francis kuma a 2014. Har yanzu dai ba su daidaita a kan batun ikon Paparoma ba.

Sikotland da tutar Birtaniya

Babu wata shaida da ta nuna cewa Andarawus ya taɓa zuwa Sikotland da ransa. Tatsuniyar ƙasar ta ce wani malami mai suna Regulus ne ya ɗauko wasu ƙasusuwansa daga Patras bisa umarnin mala'ika, jirginsa kuma ya tarwatse a gaɓar tekun Fife, a wurin da garin St Andrews yake yanzu. Wasu masana na ganin ya fi yiwuwa wani bishop mai suna Acca ne ya kai su daga arewacin Ingila a ƙarni na 8.

Wata tatsuniyar kuma ta ce a shekara ta 832 Sarki Angus ya ga farin gajimare mai siffar harafin X a sararin sama kafin wani yaƙi a Athelstaneford, ya kuma yi nasara a kan rundunar da ta fi tasa yawa. Da wannan ake fassara tutar Sikotland, mai farin gicciye a kan shuɗi.

Abin da tarihi ya tabbatar shi ne yadda aka yi amfani da sunansa a gwagwarmaya da Ingila. A takardar Arbroath ta shekara ta 1320, manyan ƙasar sun shaida wa Paparoma cewa majiɓincinsu shi ne almajirin da aka fara kira, suna neman ya amince da 'yancinsu. A 1385 majalisar ƙasar ta umarci sojoji su sanya farin gicciyen Andarawus a rigunansu.

Babban cocin St Andrews, wanda aka keɓe a 1318 a gaban Sarki Robert Bruce, shi ne mafi girma a ƙasar a zamaninsa. A shekara ta 1559, bayan wani wa'azi mai zafi da John Knox ya yi, mabiya ɗariƙar Furotesta, waɗanda ke ƙin girmama ƙasusuwa da siffofi, suka shiga suka farfasa kayan cikinsa. Ƙasusuwan sun ɓace tun daga lokacin, ginin kuma ya zama kufai. Garin dai ya ci gaba da shahara saboda jami'arsa, wadda aka kafa a farkon ƙarni na 15, da kuma wasan golf.

Tutar kuwa ta tsira. A 1606, bayan da Sarki James ya haɗa sarautar Ingila da ta Sikotland, aka ɗora jan gicciyen George, waliyyin Ingila, a kan na Andarawus. A 1801 aka ƙara na Patrick domin Ireland, aka samu tutar Birtaniya ta yanzu.

Wannan tuta ce Lugard ya ɗaga a Lokoja ranar 1 ga Janairun 1900, kuma ita aka sauke a Legas ranar 1 ga Oktoban 1960. Ke nan shuɗin da ke jikin tutar da ta yi shekaru tana kaɗawa a ofisoshin Razdan da na D.O. a Arewacin Najeriya, da fararen layukan da suka ratsa ta daga kusurwa zuwa kusurwa, alamar Andarawus ce.

A ƙuri'ar raba gardama ta 2014, masu neman ɓallewar Sikotland sun yi yaƙin neman zaɓe da tutarsa, amma kashi 55 cikin 100 na masu zaɓe suka gwammace ci gaba da zama cikin Birtaniya.

Rasha da Yukren

Wani littafin tarihi da aka tattara a birnin Kyiv a farkon ƙarni na 12 ya ce Andarawus ya bi kogin Dnieper, ya tsaya a kan wasu tuddai, ya kafa gicciye, ya kuma yi albishir cewa babban birni zai tashi a wurin. Littafin ya ƙara da cewa ya isa har Novgorod, inda ya yi mamakin yadda mutanen garin ke shiga ɗakin wanka mai tururi suna dukan jikinsu da rassan itace.

Sarki Peter Mai Girma ya kafa lambar yabo ta Andarawus a 1698, wadda ta zama mafi daraja a Rasha, ya kuma sanya shuɗin gicciyensa a kan farar tutar sojojin ruwa. 'Yan gurguzu sun soke duka biyun bayan juyin juya halin 1917. An dawo da tutar a 1992, lambar yabon kuma a 1998. Daga cikin waɗanda aka bai wa akwai Mikhail Kalashnikov, wanda ya ƙera bindigar AK-47, da Shugaba Xi Jinping na China a 2017, da Firaminista Narendra Modi na Indiya, wanda aka rataya masa ita a 2024.

Amma tuddan da ruwayar ke magana a kai a Kyiv suke, babban birnin Yukren, inda aka gina Cocin Andarawus a ƙarni na 18. A watan Oktoban 2018 majalisar dokokin Yukren ta miƙa wannan coci ga shugaban Otodoks na Santambul domin ya riƙa amfani da shi. A watan Janairun 2019 shi kuma ya bai wa cocin Yukren takardar cin gashin kai daga Mosko. Cocin Rasha ya yanke hulɗa da Santambul saboda wannan batu.

Ta haka ɓangarori uku da ke cikin rikicin, wato Mosko da Kyiv da Santambul, kowanne na ɗaukar Andarawus a matsayin wanda ya aza masa harsashi.

Masu neman cetonsa

A aƙidar Katolika da Otodoks, waliyyi majiɓinci shi ne wanda wata ƙasa ko masu wata sana'a ke kamun ƙafa da shi a addu'o'insu. Yawancin mabiya Furotesta ba su yarda da wannan ba, ko da yake suna sanya wa majami'u da 'ya'yansu sunayen almajiran. A Arewacin Najeriya ma sunan Andarawus sananne ne a tsakanin Kiristoci masu amfani da Hausa, kamar Bitrus da Bulus da Yohanna.

Ban da ƙasashen da aka ambata, Girka da Romaniya da tsibirin Barbados na riƙe da shi. Barbados ta samu 'yancin kanta daga Birtaniya ne ranar 30 ga Nuwamban 1966, kuma a tambarinta akwai karan rake biyu da aka gitta su a siffar gicciyensa.

A ɓangaren sana'o'i, majiɓincin masunta ne da masu sayar da kifi, sai kuma masu tufkar igiya, saboda igiyar da aka ɗaure shi da ita. A wasu wuraren masu ciwon maƙogwaro da 'yan mata masu neman miji kan nemi cetonsa.

A Poland, a daren jajiberin ranarsa, matasa kan zuba narkakken kaki ta ramin makulli zuwa cikin ruwan sanyi, su duba siffar da ya yi don hasashen wanda za su aura. A ƙauyukan Romaniya kuma akan shafa tafarnuwa a ƙofofi da tagogi domin korar miyagun ruhohi. Majami'un da ke bin tsohuwar kalanda, kamar na Rasha, suna bikin ne ranar 13 ga Disamba.

Yadda ake zana shi

A zamanin da mafi yawan jama'a ba su iya karatu ba, masu zane kan bai wa kowane waliyyi wata alama da za a gane shi da ita. Bitrus na riƙe da makullai, Bulus da takobi, Andarawus kuma da gicciye, wani lokaci da kifi ko taru.

Yana daga cikin almajirai ƙalilan da fuskarsu ta samu siffa tsayayya tun da wuri. A zane-zanen bangon majami'un birnin Ravenna na Italiya, waɗanda aka yi da ƙananan duwatsu masu launi a wajejen shekara ta 500, an nuna shi dattijo mai furfura da gemu, gashin kansa a hargitse. Masu zanen Otodoks na bin wannan siffa har yau, sukan kuma sanya masa naɗaɗɗiyar takarda a hannu.

Gicciyen nan mai siffar X kuwa daga baya ya shigo. Tsofaffin littattafan da suka ba da labarin kisansa ba su ambace shi ba, kuma zanen farko-farko sun nuna shi a kan gicciye miƙaƙƙe. Siffar X ta fara bayyana ne jefi-jefi a tsakiyar zamanin Turai. An gan ta a hatimin masu riƙon sarautar Sikotland na 1286, sannan ta bazu sosai a ƙarni na 15, bayan da sarakunan Burgundy suka mai da ita tambarinsu. Daga gare su ta shiga tutocin sojojin Sifen, waɗanda suka kai ta nahiyar Amurka.

Bayanin da aka saba bayarwa shi ne Andarawus ne ya roƙi a sauya siffar gicciyen, domin yana ganin bai cancanci ya mutu a kan irin wanda Kiristoci suka yi imani an gicciye Annabi Isa a kai ba. Musulmi dai ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba, bisa abin da ya zo a Suratun Nisa'i.

Daga cikin fitattun ayyukan da aka yi a kansa akwai zanen Duccio na farkon ƙarni na 14, da ke nuna 'yan'uwan biyu a cikin jirgi suna jan taru, wanda ke birnin Washington. Akwai na Caravaggio na 1607, da ke gidan adana kayan tarihi na Cleveland a Amurka, wanda ya nuna lokacin da mai kwance igiyar ya kasa motsa hannunsa, kuma ya zana gicciyen a miƙe kamar yadda tsofaffin ruwayoyi suka nuna. Sai mutum-mutumin marmara mai tsayin fiye da mita 4 da François Duquesnoy ya sassaƙa a ƙarni na 17, wanda ke tsaye a Cocin Bitrus na Vatican, kusa da inda a da ake ajiye ƙoƙon kan.

Alamar ta ma fita daga harabar addini. A Jamus da wasu ƙasashen Turai, allon gargaɗi mai siffar X da ake kafawa a inda titin mota ya ratsa layin dogo, sunansa gicciyen Andarawus.

Wurin ziyara a Cyprus

A ƙurewar arewa maso gabashin tsibirin Cyprus akwai wani gidan ibada mai suna Apostolos Andreas, kusa da wata maɓuɓɓugar ruwa da ake cewa shi ya samar da ita, masu ciwon ido kuma kan je neman waraka a wurin. Girkawan tsibirin, waɗanda Kiristoci ne, da Turkawansa, waɗanda Musulmi ne, duk sun daɗe suna kai masa ziyara.

Bayan rabuwar tsibirin a 1974 wurin ya faɗa a ɓangaren da ke hannun Turkawa, ginin kuma ya yi ta lalacewa. A shekara ta 2014 aka fara gyara shi a ƙarƙashin kulawar Majalisar Ɗinkin Duniya, inda Cocin Cyprus da Evkaf, hukumar wakafi ta Musulmin tsibirin, suka haɗa kuɗin aikin. An kammala kashin farko na gyaran a 2016, kuma a duk ranar 30 ga Nuwamba masu ziyara daga kudanci kan tsallaka shingen da ya raba tsibirin domin halartar addu'o'i a wurin.